Yadda Ake Auna Ingancin Aikin Tsabtace Asibiti

Masu iya magana kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin tsabtar asibiti ido yakan yi mummunan kuskure wajen kimantawa. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike da aka gudanar a Birtaniya, inda aka duba wurare 113 a ɗakin tiyata da ɗakin kwantar da majinyata bayan an gama goge su. Da aka duba da ido, kashi 82 cikin ɗari na wuraren sun fito a matsayin masu tsabta, amma da aka ɗebi samfuri aka kai ɗakin gwaji, kashi 30 kacal suka tsallake. Daɓe mai sheƙi da ƙamshin maganin goge-goge suna kwantar wa mai ziyara hankali, amma ba su ne shaidar cewa mariƙin gadon da majinyaci ke dafawa ya rabu da ƙwayoyin cuta ba.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi sukan ɗauki wata cuta da ba da ita suka zo ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu yakan rasa ransa. Ba duk waɗannan cututtuka ne ke zuwa daga ƙazantar muhalli ba, domin hannayen da ba a wanke ba da robar fitsari da allurar ƙarin ruwa suna da babban kaso, amma hannu kansa daga abin da ya taɓa yake ɗaukowa. Ƙwayar cutar MRSA, wadda ke bijire wa magunguna da dama, tana iya rayuwa a busasshen wuri daga kwanaki zuwa watanni, ita kuwa Clostridioides difficile mai haddasa gudawa tana lulluɓe kanta cikin ƙwanso mai tauri har ta kai wata biyar tana jiran wanda zai taɓa. Saboda haka ne ya zama dole a auna aikin tsabta da ma'auni na gaskiya, kuma a auna shi da niyyar gano inda tsarin ya yi rauni, domin duk awon da aka mai da shi bulalar dukan masu goge-goge alƙaluman ƙarya zai haifar.

Mataki na farko: a rubuta abin da ake nufi da tsabta, da wanda ke da alhakin kowane abu

Ba a auna aikin da ba a fayyace shi ba. Kafin a ɗauki takardar ba da maki, sai kwamitin kare yaɗuwar cututtuka na asibitin ya zauna da shugabar ma'aikatan jinya da shugaban masu goge-goge, su bi kowane sashe su jera duk abin da ke cikinsa, tun daga gado da katifa da labule har zuwa na'urar auna hawan jini da keken tura marar lafiya. A gaban kowane abu a rubuta amsar tambayoyi huɗu: wa zai goge shi, sau nawa a rana ko a mako, da wane sinadari, kuma yaya zai kasance idan an goge shi yadda ya kamata.

Tambayar farko ita ce ta fi kawo ɓaraka. A asibitoci da yawa mai goge-goge yana ɗauka cewa duk wata na'urar da ke haɗe da jikin majinyaci ta ma'aikatan jinya ce, ba shi da hurumin taɓa ta, ita kuwa ma'aikaciyar jinya tana ɗauka cewa duk abin da ya shafi tsumma da bokiti ba aikinta ba ne. Ta haka ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa da maɓallan na'urori da kujerar bahaya ta gefen gado suke shafe makonni babu wanda ya goge su, alhali kowa yana ganin ya sauke nauyinsa. Idan aka zo awo ba tare da an warware wannan ba, sakamako zai fito da muni, a ɗora wa masu goge-goge laifin abin da ba a taɓa ce musu nasu ba ne. Asibitin da ba shi da irin wannan takarda zai iya ɗora tubali a kan jagorar da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar a 2019 tare da ƙungiyar ICAN ta masu yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Afirka, wadda aka tsara ta musamman domin cibiyoyin lafiya masu ƙarancin kayan aiki.

Mataki na biyu: a karkasa asibitin gwargwadon haɗari

Ɗakin tiyata da ofishin ajiye fayil ba su cancanci kulawa iri ɗaya ba, don haka ba a auna su da sikeli ɗaya. Abubuwa uku ake dubawa wajen sanya kowane sashe a ajinsa: yawan yiwuwar gurɓatarsa da jini ko wasu ruwayen jiki, raunin garkuwar jikin waɗanda ke kwance a cikinsa, da yawan taɓa kayan da ke wurin. Hukumar lafiya ta Ingila, a ƙa'idojin tsabta da ta fitar a 2021, ta kasa wurare zuwa aji shida. Ajin farko, wanda ya ƙunshi irin su ɗakin tiyata da sashen kulawa ta musamman, ana duba shi duk mako kuma ana son ya ci maki 98 cikin ɗari. Na biyu duk wata da maki 95, na uku duk wata biyu da maki 90, na huɗu duk wata uku da maki 85, na biyar duk wata shida da maki 80, na ƙarshe kuwa sau ɗaya a shekara da maki 75. Ba lallai ne kowane asibiti ya kwafi aji shida ba, domin ƙaramin asibiti aji uku ma sun ishe shi, muddin dai mafi yawan lokacin mai awo yana tafiya ne inda kuskure zai iya kashe mutum.

Mataki na uku: a ware wuraren da hannu ke yawan taɓawa

A nan ne akasarin masu duba tsabta ke karkata daga hanya, domin idonsu yakan fara sauka a kan daɓe da bango da silin, alhali majinyaci ba ya cin abinci da hannun da ya shafa silin. A cikin jagorar da CDC ta fitar a 2010 kan hanyoyin tantance tsabtar muhallin asibiti, an jera wuraren da suka fi cancantar a sa musu ido, kuma kusan duka ƙanana ne: mariƙin gefen gado, teburin cin abinci na kan gado, ƙarfen rataye ledar ruwa, maɓallin kiran ma'aikaciyar jinya, hannun durowar gefen gado, kujera, makunnin wuta, mariƙin ƙofa ta ciki, wurin wanke hannu, sannan a banɗaki akwai mazaunin masai da hannun kora ruwa da ƙarfen dafawa. Kowane sashe ya kamata ya gyara jerin nan daidai da aikinsa. Hanya mafi sauƙi ta yin haka ita ce mutum ya zauna a kusurwar ɗaki na tsawon sa'a guda da takarda a hannu, yana yin alama duk lokacin da wani ya taɓa wani abu. Abin da ya tara alamomi da yawa shi zai shiga jerin, wanda bai kamata ya wuce abu goma zuwa goma sha biyar ba, saboda jerin da ya yi tsawo ba ya ɗorewa.

Mataki na huɗu: a auna kayan aiki kafin a auna ma'aikaci

Masanin ingancin kiwon lafiya Avedis Donabedian ya nuna tun 1966 cewa ana auna inganci ta fuska uku: tanadin da aka yi, yadda aka gudanar da aikin, da sakamakon da ya fito. A ganina rashin adalci ne a tsallake ta farko. Sai a fara tambaya ko akwai ruwa a sashen a duk tsawon lokacin aiki, ko tsummokara sun isa a sauya sabo tsakanin gado da gado, ko akwai safar hannu da bokiti biyu da mofa mai kyau, ko kayan banɗaki a rarrabe suke da na ɗakin kwana ta hanyar launi ko alama. A ƙirga gadaje nawa ke kan mai goge-goge ɗaya a kowane zangon aiki, har da na dare da na ƙarshen mako, sannan a auna da agogo mintuna nawa cikakken goge gado ɗaya ke ci, a ninka a gani ko lokacin da aka ba shi ya isa. Idan lissafi ya nuna aikin sa'a goma aka ɗora wa mutum a cikin sa'a takwas, to an riga an san sakamakon awo tun kafin a fara. A duba rajistar horo kuma, a ga kashi nawa na ma'aikatan aka koya wa aikin a cikin shekarar da ta wuce.

Haɗin maganin kashe ƙwayoyin cuta yana bukatar a tsaya a kansa. Ruwan kulorin da ake goge wurare na yau da kullum da shi ƙarfinsa kashi 0.1 cikin ɗari ne, na zubar jini mai yawa kuma kashi 0.5. Ana raba ƙarfin da aka rubuta a jikin galan da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne adadin awon ruwa da za a zuba wa awo ɗaya na bilic, wato ruwan kulorin mai ƙarfi da ke cikin galan. Idan bilic ɗin mai kashi 5 ne, awo 49 na ruwa yake bukata domin goge-gogen yau da kullum, awo 9 kuma domin jini. Mai awo ya nemi ma'aikaci ya haɗa a gabansa, ya duba ko akwai kofin awo da aka yi wa alama, ya tambayi yaushe aka haɗa wanda ke cikin bokiti, domin ruwan kulorin yana rasa ƙarfinsa, shi ya sa ake haɗa sabo kullum. Inda akwai 'yar takardar gwajin ƙarfin kulorin mai sauya launi, tsoma ta a bokiti ya fi tambaya dubu.

Mataki na biyar: duban ido da kallon aiki

Duk da rauninsa, duban ido ba abin jefarwa ba ne, domin wurin da ake ganin ƙura ko busasshen jini a kansa ba ya bukatar na'ura ta tabbatar da ƙazantarsa. Abin da ke mai da shi ma'auni shi ne a yi shi da takarda mai jerin abubuwa, a ba kowane abu maki ɗaya idan ya cika sharaɗin da aka rubuta a mataki na farko, ko sifili idan bai cika ba, babu rabin maki. A ɗaga katifa, a juya kujerar bahaya a duba ƙarƙashinta, a shafa farin tsumma a saman ƙofa. A raba makin da aka samu da adadin abubuwan da aka duba, a ninka da ɗari. Yana da kyau a ware abin da ya faɗi saboda lalacewa, kamar tsagaggiyar katifa ko famfo mai yoyo ko fentin da ke ɓarewa, a tura shi ga sashen gyare-gyare, tunda babu tsumman da zai tsabtace katifar da ruwa ya riga ya shiga sosonta. Kada shugaban masu goge-goge ya yi duban shi kaɗai, ya tafi da ma'aikaciyar jinya ko jami'in kare yaɗuwar cututtuka, kuma lokaci-lokaci mutum biyu su duba ɗaki guda kowa da takardarsa, su kwatanta, domin a tabbata idanun masu ba da maki sun daidaita.

Kallon aiki kai tsaye yana nuna abin da duban ƙarshe ba ya nunawa, wato ko an fara daga wuri mai tsabta zuwa mai ƙazanta, daga sama zuwa ƙasa, ko an wanke da sabulu kafin a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko an bar maganin ya jiƙa wurin na mintunan da kamfaninsa ya rubuta, ko kuma ana mayar da tsumma mai datti cikin bokitin ruwa mai kyau. Sai dai kowa yakan gyara aikinsa idan ya san ana kallonsa, don haka wannan hanya ta fi amfani wajen gano abin da ma'aikaci ya sani a kan abin da ya saba yi.

Mataki na shida: tabon ɓoye

Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan asibitoci, saboda ba ta da tsada kuma sakamakonta ba ya karɓar gardama. Akwai wani ruwa mai kauri wanda idan aka ɗiga shi ya bushe ido ba ya ganinsa, sai an haska shi da tocila mai hasken UV, irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita domin gane na jabu, sannan ya yi ƙyalli. Jiƙaƙƙen tsumma da ɗan gurzawa kaɗan sun isa su cire shi. Saboda haka idan aka dawo bayan an yi goge-goge aka tarar da shi yana nan daram, babu shakka tsumma bai bi ta wurin ba.

Ga yadda ake yi. Da farko a sanar da dukan ma'aikatan tsabta cewa za a fara amfani da wannan hanya, a nuna musu ruwan da tocilar, a bar su su ɗiga su goge da kansu su ga yadda yake fita. Abin da ake ɓoye musu shi ne ɗakin da za a sa da ranar da za a sa, amma shirin kansa ba sirri ba ne. Daga nan mai awo ya zaɓi ɗakuna ta hanyar ƙuri'a, ba waɗanda suka fi kusa da ofishinsa ba, ya shiga kafin lokacin goge-goge ya ɗiga ɗan tabo wanda faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba a kan kowane abu da ke jerin, ya rubuta ainihin inda ya sa. A sa tabon a wuri mai santsi da tsumma zai iya kaiwa, kusa da inda hannu ke kamawa, kada a cusa shi a lungu ko a kan tsatsa ko katako mai shan ruwa, domin a irin waɗannan wurare yakan maƙale ko da an goge da kyau, a zalunci ma'aikaci. Idan goge-gogen yau da kullum ake aunawa, a dawo bayan sa'a 24. Idan kuwa na sallama ne, wato cikakkiyar tsabtar da ake yi bayan majinyaci ya bar gado, a sa tabon da zarar ya tashi, a duba kafin a kwantar da wani. Tun kafin a fara a yanke shawara kan tabon da ya goge rabi, a rubuta ta, a tsaya a kanta. Bayan an duba, mai awo ya goge ragowar tabon da kansa, kuma ya riƙa sauya wurin ɗigawa, domin idan aka saba da wuri ɗaya za a koma goge wurin tabo a bar sauran.

A ce an zaɓi gadaje 12, an sa tabo 8 a kowanne, jimla 96, aka dawo aka tarar 54 sun goge. Makin sashen ya zama kashi 56 cikin ɗari. Wannan jimlar ita kaɗai ba ta koyar da komai, sai an warware ta abu-abu. Mai yiwuwa a tarar teburin cin abinci ya goge a gadaje 11 cikin 12, mariƙin gado a 9, amma makunnin wuta a 2 kawai, ƙarfen rataye ledar ruwa kuma ko ɗaya. A nan ne maganar take, domin abin da kowa ya tsallake ba lalacin mutum ɗaya ba ne, ko dai ba a koyar ba, ko ba a fayyace mai alhakinsa ba, ko kuma ana tsoron sa jiƙaƙƙen tsumma kusa da wutar lantarki. Jagorar CDC ta 2010 ta sanya kashi 80 a matsayin matakin da ya kamata a fara nufa. Kada sakamakon farko ya karya wa kowa gwiwa: a binciken da likita Philip Carling da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, wanda ya shafi asibitoci 36 a Amurka, kashi 48 kacal na wuraren da aka sa wa tabo aka tarar an goge a zagayen farko.

Iyakar wannan hanya ita ce tana nuna an goge, ba ta nuna an kashe ƙwayoyin cuta. Tsumma mai datti da ruwa zalla ma zai cire tabon, shi ya sa ba a raba ta da gwajin bokiti da kallon aiki.

Mataki na bakwai: na'urar ATP da gwajin ƙwayoyin cuta

ATP sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin halittar duk wani abu mai rai, don haka ana samunsa a jini da yawu da ragowar abinci da ƙwayoyin bakteriya. Ana shafa tsinken auduga na musamman a kan wuri mai ƙayyadadden faɗi, a jefa shi cikin ruwa mai ɗauke da sinadarin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya ba da haske, a sa a na'ura, cikin daƙiƙu kaɗan ta ba da lamba da ake kira RLU. Yawan lambar shi ne yawan dattin. Amfaninta shi ne ma'aikaci yana tsaye zai ga lambar kafin gogewa da bayan gogewa. Amma babu iyaka guda da duniya ta amince da ita, wasu asibitoci suna amfani da 100, wasu 250, wasu 500, kuma lambar na'urar wani kamfani ba ta daidai da ta wani, saboda haka ba a kwatanta su. Ba ta bambance datti da ƙwayar cuta mai rai, ba ta ganin ƙwayoyin bairos, ragowar bilic a wurin kuma yana iya ɓata karatun, don haka sai wuri ya bushe ake shafawa. Kowane tsinke sau ɗaya ake amfani da shi, wanda ke nufin kuɗinsa ba ya yankewa.

Gwajin ƙwayoyin cuta shi ne kaɗai ke faɗin abin da ke raye a wurin. Ana manna faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta a kan wurin, ko a shafa tsinke, a ajiye a ɗakin gwaji kimanin sa'a 48, a ƙirga tsiron da ya fito. A 2004 masaniyar ƙwayoyin cuta Stephanie Dancer ta ba da shawarar kada tsiron ya kai 5 a kowane murabba'in santimita na wurin da hannu ke taɓawa, daga baya masu bincike da dama suka riƙa amfani da 2.5. Tunda yana da jinkiri da tsada kuma yana cin lokacin ɗakin gwaji, ba a mai da shi aikin kullum. An fi ajiye shi domin lokacin ɓarkewar cuta a wani sashe, ko lokacin da ake son tabbatar da ingancin sabon magani ko sabuwar hanyar goge-goge.

Mataki na takwas: a mayar da sakamako ga masu aikin, a gyara, a sake aunawa

Sakamakon da ya tsaya a durowar shugaba bai tsabtace ko gado ɗaya ba. A rana guda da aka yi awo, mai awo ya kira wanda ya goge ɗakin su koma tare, ya miƙa masa tocilar ya haska da hannunsa, a fara da wuraren da suka fita tas kafin a zo ga waɗanda aka tsallake, kuma a yi haka a keɓe, ba a gaban majinyata ko abokan aiki ba. A tambaye shi dalili, a saurara da gaske, domin sau da yawa shi ne zai faɗi abin da takarda ba ta gani, kamar cewa lokacin goge-goge yana cin karo da zagayen likitoci, ko kayan masu jinya sun cika teburin, ko tsummokara sukan ƙare kafin ya kai gadajen ƙarshe. Duk wata kuma a liƙa jadawalin sashen inda kowa zai gani, da sunan sashe ba da sunan mutum ba, a kai kwafinsa ga kwamitin kare yaɗuwar cututtuka da hukumar gudanarwa. Kowace matsala da aka gano a rubuta mata wanda zai gyara da ranar da zai gama.

Akwai shaidar cewa wannan zagaye yana aiki. A asibitocin nan 36 na binciken Carling, bayan horo da maimaita nuna wa ma'aikata sakamakonsu, makin ya tashi daga kashi 48 zuwa 77. A wani gwaji mai suna REACH da aka yi a asibitoci 11 na Ostireliya, aka wallafa a 2019, an haɗa horo da gyaran dabarar gogewa da zaɓen magani da awo da tabon ɓoye da kyautata sadarwa, sai goge wuraren taɓawa a ɗakunan kwana ya tashi daga kashi 64 zuwa 86, a banɗakuna daga 55 zuwa 76, kamuwa da ƙwayar VRE mai bijire wa magani kuma ta ragu da kusan kashi 37 cikin ɗari.

Wajen karanta alƙaluman a yi hattara da ƙaramin samfuri. Tabo goma a ɗaki ɗaya ba su isa a yanke wa sashe hukunci ba, kuma hawa ko saukar wata guda ba ta nufin komai sai an ga ta ɗore watanni. Awon ya haɗa da dare da ranakun hutu, lokutan da sa ido ke raguwa. Idan maki ya kai inda ake so, a rage yawan awo amma kada a daina, saboda yakan zame ya koma baya da zarar an janye ido, musamman inda ma'aikata ke yawan sauyawa.

Akwai wasu ma'aunai na gefe da ya dace a riƙa tarawa tare da waɗannan: mintunan da ake ɗauka daga kiran mai goge-goge zuwa share zubar jini ko amai, lokacin da gado ke ɗauka daga sallama zuwa shirya shi, koke-koken majinyata game da banɗaki, yawan ma'aikatan tsabta da allura ta soka ko magani ya ƙona, da yawan masu barin aiki. Ma'aunin saurin shirya gado yana da haɗari idan aka bar shi shi kaɗai, domin matsa wa mutane su yi sauri hanya ce ta koya musu tsallake wurare, don haka kullum a ajiye shi gefe da gefe da makin tabon ɓoye. Yawan cututtukan da ake ɗauka a asibiti ma ana bibiyarsa, amma ba a mai da shi makin masu goge-goge, tunda wankin hannu da yadda ake ba da magunguna da cunkoson gadaje duk suna da hannu a cikinsa.

Inda kamfanin kwangila ne ke yin aikin, duk waɗannan ma'aunai su shiga cikin yarjejeniya tun kafin sa hannu: ajin kowane sashe, makin da ake bukata, hanyar awo, wanda zai yi awon, da kwanakin da aka ba kamfani ya gyara abin da ya faɗi. Kada a bar ɗan kwangila ya zama shi ne mai aiki kuma shi ne mai ba kansa maki, asibiti ya riƙe nasa awon, a kuma gayyato wani daga wajen sashen ko wajen asibitin aƙalla sau ɗaya a shekara ya tantance. Idan za a sa sharaɗin cire kuɗi, a ɗaura shi a kan ƙin gyara matsalar da aka nuna cikin wa'adi da kuma gaza kawo adadin ma'aikata da kayan aikin da aka yi alkawari, a kuma rubuta ƙarara cewa ba za a zare tarar daga albashin masu goge-goge ba.